Dixit, Codenames ko Story Cubes: wanne ya dace da gidanku?

Ludo da Whot suna tara jama'a, amma abin da suke nema a wurin mai wasa bai wuce sa'a da ɗan lissafi ba. Akwai wasannin da aka tsara don kowa ya ƙago wani abu daga kansa, sauran su yi ta ƙoƙarin gane nufinsa. Uku daga cikinsu sun cancanci a duba kafin a fitar da kuɗi.

Ni Dixit nake fifitawa. Bafaranshe Jean-Louis Roubira ne ya tsara shi, ya fito a 2008, kuma a 2010 ya ci Spiel des Jahres, babbar kyautar wasannin tebur ta Jamus. Kati 84 ne, zane zalla, babu rubutu ko ɗaya. Mai ba da labari zai zaɓi kati a ɓoye ya faɗi wata magana a kansa, kowa ya ajiye nasa katin da ya yi kama da maganar, sannan a nemi na asali. Gwanintar tana cikin makin: idan kowa ya gane, ko kuma babu wanda ya gane, mai labarin bai samu komai ba. Dole ka yi zancen da wasu za su kama, wasu ya wuce su, wato sai ka san mutanen da kake zaune da su. Karin magana ɗaya ta isa, ko abin da ya faru a bikin bara. Kaka da ba ta yi boko ba tana iya kayar da jikanta ɗan jami'a. Sai dai zanen irin na mafarki ne, gidan da ke taka-tsantsan da hotuna ya fara duba katunan tukuna.

Codenames na Vlaada Chvátil, ɗan ƙasar Czech, ya fito a 2015. Ana shimfiɗa kati 25 masu ɗauke da kalmomi, a rabu gida biyu, jagoran kowane ɓangare ya ba da kalma ɗaya da za ta haɗa katuna da yawa. Yana da daɗi ga matasa da abokan aiki, amma bugun da aka fi samu na Turanci ne, yara da dattawa sai su koma 'yan kallo. A nemi Codenames Pictures mai hotuna, ko a yanka kwali a rubuta kalmomin Hausa.

Rory's Story Cubes shi ne ƙaraminsu, yana shiga aljihu. Abin jefawa ne irin na ludo guda 9, da hoto a kowace fuska, 54 ke nan. A watsa, a ƙulla tatsuniya da abin da ya fito. Babu ci, babu faɗuwa, shi ya sa ya fi dacewa da yara 'yan firamare. Manya kan gaji da shi da wuri.

In za a saya ta intanet, a karanta adadin 'yan wasa a jikin kwalin. Tsohon bugun Dixit mutum 6 yake ɗauka, sabon kuma 8, kuma a gidan yawa wannan bambancin ba ƙarami ba ne.