Oyil sil na gaban kiranshaf: shi kaɗai za a canza ko a haɗa da tayimin bel?

In ka ga baƙin mai na tsatsafowa ta bayan fulin ƙasa (faifan da ke juya fanbel a ƙasan inji), yawanci sil ɗin gaban kiranshaf ne ya bushe, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bakin kiranshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan inji. To zaɓi biyu ne.

Na farko a canza sil kaɗai, kuɗin kaya kaɗan ne. A mota mai tayimin ceen (sarƙa maimakon bel) irin Corolla mai injin 1ZZ wannan ya wadatar, a cire fanbel, a kwance fuli, a zaro tsohon a buga sabo shikenan.

Na biyu a haɗa da tayimin bel, wato bel mai haƙora da ke daidaita juyin kiranshaf da buɗewar bawul. Mota mai bel kamar Peugeot 406 ko Camry 2.2 fa labari ya sha bamban, don sai bakanike ya sauke tayimin bel kafin ya kai ga sil ɗin, kuma bel ɗin ya riga ya sha mai, roba kuwa in ta sha mai laushi take yi haƙora su fara zubewa, a 406 in ya tsinke kana tafiya bawul ne za su lanƙwashe. Camry ɗin dai tsayawa kawai za ta yi a titi.

Ni a mai bel gara a haɗa duka har tenshina mai ɗame bel ɗin, kuɗin aiki sau ɗaya. Kuma don Allah a duba wuyan da sil ke kamawa, in ya ci rami sabon ma yoyo zai yi.