Silin ɗin Kombi: leda a kan sanduna ko filawud?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Aboabo a Kumasi ya tambaye mu. Ya sayi Volkswagen Kombi ƙirar 1974, yana gyara ta don ya riƙa kwana a ciki idan ya ɗauki iyali zuwa Tamale. Tsohon silin ya yage, yana reto a kan fasinja. Shin ya mayar da irin ledar da motar ta zo da ita, ko ya sa katako?

Ɗan'uwa, na yi duka biyun a tawa motar, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ka fara da sanin cewa dukansu na asali ne. Kombin da aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979, ta ɗaukar fasinja ta zo da farar leda mai ƙananan huji, an rataye ta a kan sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da suka ratsa rufin daga gefe zuwa gefe. Wadda kamfanin Westfalia ya mayar ɗakin kwana kuwa, siririn filawud aka sa mata, kaurinsa kamar milimita 3. Don haka kada wani ya ce maka katako zai ɓata wa motar asalinta.

Leda ta fi kyau a ido, ban musa ba. Idan ta zauna sumul, motar sai ka ce yau ta fito daga kamfani, kuma ba ta da nauyi. Amma aikinta ba na mutum ɗaya ba ne. Bakin ledar yana shiga ƙarƙashin robar gilasai, wato sai an cire gilasan gefe da na baya, har da na gaba, a shafa gam, a ja ledar, sannan a mayar da su. Robar da ta shekara 50 tana shan rana ba ta fita lafiya, tsagewa take yi a hannu kamar busasshen ƙanzo. Kuɗin sabbin robobi ke nan ya hau kanka tun ba a taɓa silin ba. Masu ɗinkin kujerun mota a Magazin na Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, sun iya ɗinka ta idan ka kai musu tsohuwar su auna, sai dai ka nemi wanda ya taɓa yin mai sanduna, don motocin yanzu silin ɗinsu dunƙulalle ne, yaran shago da yawa ba su taɓa ganin wancan ba. A bar ledar a rana ta yi laushi kafin a ja ta, a faro daga tsakiya.

Abin da ya raba ni da leda shi ne damina. A Kumasi sau biyu take zuwa mana a shekara, iska kuma jiƙe take. Mutum uku su kwana a mota gilasai a rufe, numfashinsu ya hau sama ya tarar da ƙarfe mai sanyi, da asuba rufin ya yi gumi ta ciki. Wanda ya yi mini aikin farko ya cusa soson katifa a bayan ledar wai don zafi. Soson ya sha ruwa ya riƙe. Da damina ta biyu na ga ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna a saman kujerar baya, ga wari irin na rigar da aka manta a bokiti. Da muka yage, tsatsa ta riga ta kama gefen rufin, daidai inda ruwan sama ke bi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don babu yadda za a leƙa bayan leda sai an lalata ta.

Nan filawud ya yi mata fintinƙau. Kana iya sauke shi, ka duba, ka mayar. Ba a taɓa gilashi ko ɗaya. Yana riƙe fitila da ƙaramar fanka, yaro ya dangwala masa hannun manja ka goge da tsumma. Kafintan da ke da haƙuri zai iya shi.

Shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Kada ka wuce milimita 4, mai kauri ba zai bi lanƙwasar rufi ba. Fallen da za ka samu a kasuwar katako ta Sokoban ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma ƙafa 4 ba ta cike faɗin rufin Kombi, saboda haka a gicciye za ka yanka, gunduwa-gunduwa, mahaɗar kowace ta faɗo a kan haƙarƙarin ƙarfen rufi. Ta wannan fuskar katakon ya fi taurin lanƙwasawa, sai mutum biyu, ɗaya ya sa baki guda a gefe, ɗaya ya tura tsakiya sama a hankali. Ka fara fitar da siffar da kwali, musamman kusurwoyin gaba, kafin zarto ya taɓa katako. Sannan yawancin filawud ɗinmu na nan da itacen rimi ake yin sa. Ba shi da nauyi, amma laushi gare shi, ƙwaro da danshi suna son sa. Ka ɗaga fallen ka buga shi da hannu, in ka ga gari yana zuba, ajiye. Wanda ka zaɓa ka shafe shi da banish ciki da waje, har bakin yankan, don ta baki ruwa yake shiga ya ɗaye shi. Sukuru kuma gajere, a haƙarƙari kawai. Na ga motar da sukuru ya leƙo ta saman rufi, kowane ruwan sama sai ya bi shi.

Robar silin ta gidaje da wasu ke sawa, ka rabu da ita. Zafin rufin mota yana karkatar da ita, kuma a hanya mai gargada ƙararta ba ta barin kunne.

Ko wanne ka ɗauka, kafin a rufe a kankare tsatsa a shafa fenti, in akwai huji mai walda ya toshe. A manna soso irin wanda ba ya shan ruwa, da gam mai jure zafi, don gam na takalmi yana saki idan mota ta wuni a rana. A ja wayoyin fitila a gwada su.

Da motar kallo kake gyarawa, ko gilasanka sun riga sun fita saboda fenti, da na ce ka yi leda. Tunda kwana za ka yi a ciki da yara, filawud nake ba ka shawara. Ka fara yage tsohon silin ɗin tukuna, ka adana sandunan kada ka yar, ka haska tocila a gefen rufin ka gaya mana abin da ka gani. In tsatsar ta ci ƙarfe, wurin mai walda za ka fara zuwa kafin Sokoban.