Masu taimakon iyalan sojojin da ke ɗaure a Amurka: abin da na gani cikin wata 14

Na daɗe ina son rubuta wannan abin kunya tana hana ni, to yanzu kam na ajiye ta gefe tunda kunyar nan ita ta ja mana asarar da har yau muke cizon yatsa. Ƙanina soja ne a rundunar ƙasa ta Amurka, kotun soja ta yanke masa shekara 9, yana tsare a Fort Leavenworth da ke jihar Kansas. Ya yi laifi, akwai wanda aka cuta, bazan zo nan ina wanke shi ba. Amma jinina ne, yana da mata da yara biyu, kuma Hajiyarmu kullum in ta kira ni tambayarta ɗaya ce, yaushe za a sake shi.

Wata ƙungiya ce ta sa kai nake son yin magana a kanta, iyayen sojojin da ke ɗaure da matansu ne suka haɗa ta, sai wani tsohon lauyan soja da ya yi ritaya yana leƙo su lokaci-lokaci. Aikinsu amsa tambayoyin dangi kan sakin talala, wanda su suke kira farol, da kuma neman sassauci. Ba sa karɓar ko sisi. Bazan faɗi sunansu ba saboda zan faɗi inda suka gaza, kuma mutane ne da ke yi don Allah ba don albashi ba, bai kamata in tozarta su ba.

Ranar da na fara kiransu wlh kuka kawai nake, ina ta zuba labari tun daga farko yadda yaron nan ya taso da yadda ya shiga soja, matar da ta ɗauka, dattijuwa ce ɗanta ma ya yi zaman gidan, ta bar ni na gama tas bata katse ni ba, sannan tace in ɗauko biro da takarda. Tambaya huɗu ta min: wace runduna yake, shekara nawa aka yanke, wace rana aka fara ƙirga masa zaman, kuma hukuncin ya haɗa da kora daga aiki ko a'a. Ina zaune a teburin kicin da takardun kotu baje a gabana ina laluben kwanan wata, ita kuma tana jira a waya har na samo. A bayan ambulan ɗin kuɗin wuta na rubuta lissafin, har yanzu yana nan manne jikin firij. Shekara 9 raba uku, shekara 3. Tace to wannan ranar ita ce ranar da kwamitin sakin talala na rundunarsa zai fara duba maganar sakinsa, ba ranar da zai fito ba, ta maimaita min sau biyu, tace kar in kuskura in kira mahaifiyarmu in ce mata ranar zai fito.

Wannan magana ita ce abu mafi amfani da na samu a wajensu, duk da a lokacin ta min ɗaci. A tsarin sojan Amurka wanda aka yanke wa daga wata 12 zuwa ƙasa da shekara 30 sai ya ci kashi ɗaya cikin uku na hukuncin, ko wata 6 in shi ya fi yawa, kafin a saurare shi. Mai shekara 30 zuwa sama sai ya yi 10, mai ɗaurin rai da rai 20, in kuwa hukuncin ya ce rai da rai babu farol to wannan ƙofar a rufe take gaba ɗaya. Ni da farko ma wani ɗan uwa ya ce min ai babu farol a tarayyar Amurka, an soke tun tuni, kuma ba ƙarya ya yi ba, dokar 1984 ta soke shi ga fursunonin tarayya farar hula waɗanda suka yi laifi daga Nuwamban 1987, amma soja nasu yana nan. Sati biyu na yi bana barci a kan maganar da ba ta shafe mu ba.

Su suka warware min abubuwa uku da na cakuɗa wuri guda. Ɗaukaka ƙara daban, wannan maganar ko an yi shari'ar daidai ce, tana zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta rundunarsa, daga nan sai wata kotu a Washinton mai alƙalai biyar farar hula. Sassauci daban, wato kana roƙo a rage maka shekaru ko a sauƙaƙa nau'in korar da aka yi maka. Sakin talala kuma ba a rage ko kwana ɗaya, kawai dai ragowar zaman a waje zaka yi shi, jami'in sa ido na tarayya yana bibiyarka, ka karya sharaɗi a mayar da kai. Kuma ba gidan yarin ke yankewa ba, su shawara kawai suke turawa, kowace runduna da kwamitinta, na sojan ƙasa yana Arlington a Bajiniya, na sojan ruwa yana Washinton shi ke duba har da na marin, wato sojojin kundumbala na ruwa, na sojan sama yana sansanin Andrews a Maryland. Ko da a ɗaki ɗaya suke kwana, sojan ƙasa da sojan sama kowa da inda fayil ɗinsa ke zuwa.

Sai maganar afuwar shugaban ƙasa, wadda ni da ita na shigo a baki. Kowa ya san Obama ya rage wa sojar nan Chelsea Manning hukuncin shekara 35 a Janairun 2017, Trump kuma ya yi wa wani hafsan soja Clint Lorance afuwa a Nuwamban 2019 ya fito daga Leavenworth ɗin nan, to ni a tunanina in muka rubuta wasiƙa mai ratsa zuciya zuwa Fadar White House shikenan. Tsohon lauyan nan bai yi min dariya ba, yace waɗancan shari'o'i ne da duk duniya ta sani, yace a ƙa'idar da aka saba ma sai mutum ya yi shekara 5 da fitowa kafin ya nemi afuwa, kuma wanda kotun soja ta ɗaure ta hannun sakataren rundunarsa takardar ke bi. Yace ƙarfin da zan kashe a can in kawo shi nan in nemo wa yaron gida da aiki. Naji haushinsa ranar gaskiya, amma da na bi son raina da yanzu ina can ina jiran amsar da ba za ta zo ba.

Gida da aiki ɗin nan su ne ƙashin bayan komai. Kwamiti yana son ganin adireshin da zai zauna da sunan mai gidan ya sa hannu ya yarda, da takardar wanda zai ɗauke shi aiki ko makarantar da ta karɓe shi, da inda zai ci gaba da ganin mai ba shi shawara in laifin ya buƙaci haka. A nan suka yi min aikin da ko lauyan kuɗi ban jin zai zauna ya yi. Wasiƙata ta farko na cika ta da ƙanina mutumin kirki ne, sharrin abokai ne, ba halinsa bane, shafi uku. Dattijuwar nan ta dawo min da ita ta imel kusan rabi an ja layi a kai, a gefe ta rubuta cewa kwamitin ba sake shari'a yake ba, ya ɗauka laifin ya tabbata, kuma wanda aka cuta ana sanar da shi yana da damar faɗin nasa, to in suka karanta nasa sannan suka karanta nawa ina ɗora wa abokai me zasu ɗauke mu. Tace in rubuta ɗaki nawa ne a gidana, wa zai kai shi wajen aiki tunda ba shi da mota, me zan yi in na ga ya fara komawa tsohon hali. Sau huɗu muna gyarawa, ta ƙarshe shafi ɗaya ce da rabi.

Sun kuma koya min yadda ake ƙirga rangwamen kyakkyawan hali, kwana 5 a kowane wata, wanda a shekara 9 ya kai kwana 540, kusan shekara ɗaya da rabi kenan, ban da ɗan ƙarin da ake samu ta aiki da karatu da shirye-shiryen gyaran hali a ciki. Ko ya fito ta wannan hanyar ma ana iya sa masa ido har ƙarshen hukuncin. Na gaya masa a waya nace kai dai ka kama kanka, faɗa ɗaya a ciki sai ya cinye maka watanni, yace Yaya na sani, ina ƙoƙari.

Abin da ya fi ci min rai kuwa ba laifinsu bane, namu ne. Bayan an karanta hukunci akwai kwana 10 da ake ba mutum ya miƙa roƙon sassauci ga kwamandan da ya kafa kotun, ana iya ƙara masa har kwana 20. Ikon kwamandan nan an rage shi sosai tun 2014, a manyan laifuka ba zai iya taɓa shekarun ba, amma yana iya yarda a ci gaba da ba iyalin albashin da doka ke yankewa har tsawon wata 6. Mu a lokacin muna ta ɓoye-ɓoye kar jama'a su ji, matarsa ta kulle kanta a ɗaki ko waya bata ɗauka, ni ina ce wa mutane an tura shi aiki wani wuri, har lokacin ya wuce babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Albashin wata 6 ga mace mai yara biyu da haya a wuya. Da na san da mutanen nan a satin farko da ba haka ba.

To inda suka gaza. Na farko jinkiri, in ka tura tambaya wani lokaci kwana biyu wani lokaci sati biyu shiru, kuma harkar nan duk ta wa'adi ce, sau ɗaya sai da na kira sau uku kafin a tuna da ni. Na biyu taron da suke yi ta Zoom sau ɗaya a wata, mutum zai shiga da tambaya ƙwaya ɗaya amma sai wasu mutum biyu uku su cinye awa guda suna rantsuwa nasu sharri aka yi masa suna zagin 'yan siyasa, mai jagorancin kuma tausayi ya hana ta tsayar da su, na fahimci ciwonsu don nima na taɓa zama haka, amma sabon zuwa sai ya fita da ƙarin ruɗani. Komai kuma da Turanci ne, Turancin ma mai cike da gajerun haruffan soja, Hajiyarmu ko kalma ɗaya bata tsinta sai na zauna na fassara mata.

Babban giɓin da ya shafe mu mu baƙi shi ne shige da fice. Kusan dukkansu haifaffun ƙasar ne, abin bai taɓa zuwa musu a rai ba. Hukuncin kotun soja yana iya jawo wa mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kora daga ƙasar, kuma wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja ana iya ƙwace ta in aka sallame shi ba da mutunci ba kafin ya cika shekara 5 yana aiki lafiya. Ƙanina ya wuce shekara 5 kafin abin ya faru, Allah ya rufa asiri, amma da na tambaya a taro shiru aka yi, daga baya lauyan yace wannan ba fanninsa bane in nemi lauyan shige da fice, na yaba da bai yi min ƙarya ba, sai dai ya kamata a ce tana cikin tambayoyin farko da suke yi wa kowa. Na gaya musu haka kuma sun ce zasu ƙara.

A zaman kwamiti shi fursunan ba ya bayyana, dangi ko lauya ne ke iya magana a madadinsa kuma kuɗin hanya daga aljihunka. Dattijuwar nan ta sa na yi gwaji da ita a waya sau biyu, tana min tambayoyi masu zafi kamar ita ce kwamitin, na farko na fashe da kuka a tsakiya, na biyu na kai ƙarshe. Ranar zaman na faɗi abin da na shirya ban kauce ba. Amsa ta zo, ba a ba shi ba a wannan karon. Dama sun gaya min karon farko da wuya, kuma za a sake dubawa bayan shekara, shi yasa ban ruguje ba, Hajiya ma na riga na shirya mata zuciya.

In maki ne zan ba su 4 cikin 5, ɗayan na cire saboda jinkiri da maganar shige da fice. Ba lauyoyinka bane, ba zasu shigar maka da takarda ba, duk mai maganar ɗaukaka ƙara ya nemi lauya. Yanzu muna kan shirin zagaye na biyu, ƙanina ya kusa gama shirin koyon danne fushi da yake yi a ciki, mai garejin da ya yi alkawarin ɗaukarsa yace zai sabunta takardar da sabon kwanan wata, ni kuma jibi zan tura wa dattijuwar wasiƙar bana ta duba min.