Gwajin jinin alaji na gama-gari da na furotin ɗai-ɗai, ga bambancinsu

'Yar uwa tun jiya na ga tambayarki, kin ce an ɗebi jinin yaronki sakamako ya nuna wai yana da alajin gyaɗa, wato jikinsa ba ya jituwa da ita, alhali kullum cikin shan kunun gyaɗa yake da cin ƙuli ko ƙaiƙayi bai taɓa yi ba, yanzu kuma likita ya ce a ƙara wani gwajin da ke duba furotin ɗai-ɗai, kina tambaya ko ɓarnar kuɗi ce.

Duka biyun jini ake ɗiba, kuma abu ɗaya suke nema, wato wani sojan jiki da ake kira IgE, wanda ke tayar da alaji. Na farkon da aka yi masa, gyaɗar ake haɗawa gaba ɗayanta a ga ko jinin zai kama wani abu a ciki, kamar a yi sata ne a kwashe duk mutan gidan a ce ɓarawon na cikinsu. Na biyun shi yake nuna wane ne. Furotin ɗin gyaɗa kowanne da sunansa, in mai suna Ara h 2 ne ya hau, ko Ara h 6, to nan ake kama kai, don su wuta ba ta kashe su, suya ko dafuwa duk ɗaya, su ne masu kawo borin jini da kumburin leɓe da sarƙewar numfashi. In kuwa Ara h 8 ne kaɗai, yawanci iyakarsa ɗan ƙaiƙayin baki, shi ma an fi ganinsa a Turai wajen masu alajin ƙurar furen bishiya.

Abin da ya fi shafarmu shi ne binciken da aka yi wa 'yan makaranta a Ghana aka fitar a 2013. Kusan 17 cikin 100 jininsu ya nuna gyaɗa, amma waɗanda ta taɓa damunsu da gaske ba su kai 2 cikin 100 ba, da aka bi diddigi sai ga shi abin na da alaƙa da tsargiya, tsutsar da ke kawo ta na ɗauke da wani irin sukari mai kama da na tsirrai sai gwajin ya ruɗe. To kin ga yaron da ke wanka a rafi ko kududdufi tsaf na gama-garin zai iya yi masa ƙage.

Haka yake a ƙwai ma, na farko zai ce ƙwai kawai, na biyu in ya ga Gal d 1, wato furotin ɗin ƙwai da wuta ba ta kashewa, ya yi ƙasa sau da yawa yaron na iya cin kek ko cincin da ƙwan ya gasu sosai.

Wajen kuɗi da sauƙin samu kam na gama-gari ya fi, na biyun tsada gare shi kuma ba kowane lab ke yi ba. Sannan babu wanda ke yanke hukunci shi kaɗai a cikinsu, mai raba gardama shi ne a ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a asibiti gaban likita da allurar adirenalin, ta ceton gaggawa in alaji ya tashi, a kusa.

Ni a ganina yaron da ya sha kunun gyaɗa jiya ya kwana lafiya ai jikinsa ya riga ya ba da amsa. Ki koma ki faɗa wa likitan ƙarara cewa yana ci kullum, ki tambaye shi me gwajin zai canja, kar kuma ki yanke masa gyaɗar saboda takarda kawai. Amma fa in ya taɓa kumbura ko numfashi ya sarƙe bayan ya ci, wannan maganar daban ce, kar ki gwada a gida.