A haɗa wufa da kwamfuta kai tsaye, ko a bi ta amfilifaya?

Ɗan'uwanmu na Unguwar Rimi ya ce ya sayo wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri da ake kira bes, a Kasuwar Gumi, yana kuma da kwamfutar tebur da amfilifayar falo, sai yake tambaya wacce hanya ta fi: ya jona ta da kwamfutar kai tsaye, ko ya bi ta amfilifayar. Malam, kafin komai ka juya bayan akwatin wufar ka duba. Idan akwai wayar wuta da maɓallan murɗawa, to wufar tana da amfilifayarta a ciki, hanyoyin biyu duk za su yi maka. Idan kuwa maƙalai biyu kawai ka gani, ja da baƙi, to zancen kai tsaye bai taso ba, domin siginar da kwamfuta ke fitarwa ba ta da ƙarfin motsa babbar sifika. Yawancin wufofin mota da ake samu a Panteka irin waɗannan ne, kuma amfilifayarsu wutar bolt 12 take ci.

Hanyar kai tsaye ta fi araha, waya ɗaya ce mai kai na milimita 3.5 a gefe guda da kawunan RCA biyu, masu ja da fari ɗin nan, a ɗaya gefen, a soka ta a koriyar ƙafa, wato ramin da sauti ke fita a jikin kwamfutar. Sai dai wufa ba ta fitar da murya, aikinta yana tsakanin Hz 20 zuwa wajen 200 ne kawai (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramin adadi ya fi kauri), saboda haka dole a sa mararraba, wato wayar da ke raba rami ɗaya zuwa biyu, a ƙafar domin ƙananan sifikoki su ma su samu. Mai laftof zai fi ganin wannan, don da zarar ya soka waya sifikar cikin na'urar ta yi shiru, ba zai ji komai ba sai dukan ganga, mawaƙin kuwa ya ɓace. A nan ne matsalar take: mararraba ba ta tace sauti, kwafi biyu take yi, ƙananan sifikokin za su ci gaba da kokawa da bes ɗin da ya fi ƙarfinsu, kuma idan ka rage ƙara daga maɓallinsu wufar ba ta san an yi ba, za ta ci gaba da girgiza taga har maƙwabta su ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ka riƙa ragewa daga kwamfutar kaɗai. Wasu kwamfutocin tebur suna da ƙafa mai ruwan lemo, wadda aka ware wa wufa da sifikar tsakiya, amma ba ta aiki sai an zaɓi tsarin 5.1, wato sifikoki biyar da wufa ɗaya, a saitin sauti na Windows, kuma ko an zaɓa, waƙa ko karatu mai tasha biyu, hagu da dama, ba ya isa can sai an kunna rabon bes a manhajar katin sautin.

Ta amfilifaya kuwa, kwamfutar ke tura mata sauti, ita kuma ta raba. Idan a bayanta akwai ƙafar da aka rubuta Sub Out ko LFE, wayar RCA guda ta wadatar, in dai wufar mai amfilifayarta a ciki ce. Ka shiga saitinta ka sa sifikokin a Small, ka ajiye mahaɗar, wato iyakar da ake raba sauti tsakanin wufa da sifikoki, a Hz 80, adadin da ma'aunin sautin sinima na THX ya tsayar, sannan ka murɗa maɓallin mahaɗa na jikin wufar zuwa ƙarshe don kada a tace sautin sau biyu. Duk abin da ke ƙasa da 80 sai ya tafi wufa, na sama ya tafi sifikoki, murya ta fito tas, maɓalli ɗaya kuma ya ɗaga komai tare. Tunda kana da amfilifayar a gida, ni wannan hanyar nake ba ka shawara ba tare da wata tantama ba. Ko da tsohuwa ce marar wannan ƙafa, in dai wufar tana da mashigar High Level, sai a ja wayar sifika daga amfilifayar zuwa can, ja da ja, baƙi da baƙi.

Akwai abin da ya fi damun hanyar kai tsaye, wato gurnanin nan da ba ya yankewa ko an tsayar da waƙa. Wutarmu mai Hz 50 ce, daidai inda wufa ta fi ji, kuma gurnanin kan taso idan kwamfuta da wufa suna soket daban-daban. Ka haɗa su a kan soket ɗaya, zai fi kyau ta bayan sitabilaiza saboda yadda wuta ke hawa da sauka, musamman lokacin da ake komawa janareto. Don Allah kada ka yarda wani ya karya maka ƙafar filogi ta uku da sunan magani, ita ce ke kare mutum daga jan wuta idan waya ta taɓa ƙarfen akwatin.

Bayan an gama haɗawa, in ka ji bes ɗin ya yi rauni a inda kake zama, ka juya makunnin Phase na jikin wufar daga 0 zuwa 180 ka saurara, ka bar shi a inda sautin ya fi cika. Matsar da akwatin kusa da kusurwar ɗaki yana ƙara masa ƙarfi, amma idan ya fara ruri yana danne murya, ka janyo shi kaɗan daga bango.