Bugun Sikirin ko Sitika: Wanne Ya Dace da Ƙaramar Oda?

Mai kilishi ko mai turare a Babbar Kasuwar Sakkwato ya zo yana son sunan shagonsa a jikin leda 50. Hanya biyu ce: bugun sikirin, wato buga tawada kai tsaye a jikin ledar, ko manna mata sitika.

Bugun sikirin yana da kuɗin shiri. Kowace kala sai an haɗa mata firem nata, wato allo mai raga da ake tura tawada ta cikinsa, kuma wahalar ɗaya ce ko leda 50 za a buga ko 500. Raba kuɗin firem a kan 50, za ka ga nauyinsa a kowace leda ya ninka na mai 500 sau goma. Shi ya sa nake ware kuɗin shiri daban, in nuna wa kwastoma, sannan in adana firem ɗin. Ranar da ya dawo, leda da tawada da aiki kawai zai biya.

Sitika ba ruwanta da firem, kaloli ko nawa ne farashi bai cika canjawa ba. Sai dai zafin Sakkwato a watan Afrilu kan sassauta gam, man kilishi ma haka.

Ga leda 50 mai kaloli da yawa, sitika nake ba da shawara. Mai kala ɗaya da zai riƙa dawowa, sikirin ya fi masa.