Wasiƙa daga Texas: abin da na gani a shagon mai gyaran bindiga

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina gaishe ku, ina gaida su Inna da duk mutanen maƙera. Kun ce in ba ku labarin sana'arku a ƙasar nan ta Amurka, ko har yanzu akwai maƙera ko inji ya cinye aikin. Akwai su, sai dai masu zuga-zugi da masaba yanzu yawanci ƙofofin ado da wuƙaƙe suke yi, wasu kuma suna bin gonaki suna buga wa dawaki takalmi. Wanda aikinsa ya fi kama da wanda marigayi Kaka yake yi wa mafarauta da 'yan bindigar sarki shi ne mai gyaran bindiga, shi ya sa a kansa zan tsaya.

A nan shagon bindiga ba ɓoyayyen wuri ba ne. Yana bakin titi da allonsa, wani lokacin a jere da kantin magani da gidan abinci. Manyan kantunan kayan farauta suna rataye bindigogi a bango, kowace da takardar farashinta, harsasai kuma a kwalaye a kan kanta. Wadda ta fi tashe ita ce AR-15, wadda Eugene Stoner ya zana a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Colt kuma ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1959. Wadda ake sayar wa farar hula ba ta ɓarin wuta. Duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne, amma ita take ɗura wa kanta na gaba. Tun 1986 doka ta hana sayar wa farar hula sababbin bindigogi masu ɓarin wuta. Abin da zai ba ku mamaki shi ne da yawa ba sa sayen ta a haɗe. Mutum zai yi odar bututu daga wannan kamfani, gindi daga wancan, kunama daga wani, ya zauna a garejinsa ranar hutu ya harhaɗa. Kamfanoni irin su Brownells a jihar Iowa da MidwayUSA a Missouri cinikinsu ke nan, aika wa mutane kayan gyara har ƙofar gida. Sashe ɗaya ne doka ta ɗauke shi a matsayin ita kanta bindigar, shi ne mai ɗauke da lamba, shi kam sai an bi ta hannun dila mai lasisi.

Wani dattijo da muke aiki tare ya harhaɗa tasa, ta ƙi aiki yadda ya kamata. In ya harba ɗaya sai ta tsaya, sai ya ja da hannu kafin na biyu ya shiga. Da zai kai ta gyara na bi shi, don in ga abin da zan faɗa muku.

Ga yadda abin yake, kamar yadda mai gyaran ya yi mana bayani. Idan albarushi ya kama, iskar da ta turo harsashi tana bin bayansa cikin bututu da ƙarfin gaske. A saman bututun akwai wata 'yar ƙaramar huda da ke satar kaɗan daga wannan iska, ta mayar da ita baya ta cikin wani siririn bututu, ta tura ƙarfen da ke fitar da kwanson da aka harba ya ɗauko sabon harsashi. AK-47 da sunanta ya ishe mu a gida ita ma da iskar take aiki, sai dai ita sanda iskar take turawa. Duk lafiyar bindigar tana rataye a kan wannan huda. In ta yi ƙanƙanta, iska ba ta isa ba, bindiga ta riƙa tsayawa. In ta yi faɗi, bindiga ta riƙa duka da ƙarfi, tana feso wa mai ita hayaƙi a ido, tana cin kayan cikinta kafin lokaci. Kusan irin hudar mai ce ta kaburetar janareto, wadda in yara suka faɗaɗa ta da waya sai inji ya dinga shan mai yana baƙin hayaƙi. Kuma ba girma ɗaya ke yi wa kowace bindiga ba, ya danganta da tsawon bututu, da inda hudar take a jikinsa, da irin harsashin da za a yi amfani da shi.

Abokin nawa ya zo da niyyar a faɗaɗa masa hudar, don haka ya karanta a intanet. Mai gyaran ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ƙarfen da aka cire ba ya komawa, don haka huda ita ce abu na ƙarshe da zai taɓa. Ya jawo wani akwatin katako ya buɗe. Cikinsa siraran sandunan ƙarfe ne a jere, kowace a raminta da lambarta a rubuce, bambancin kaurin wannan da ta kusa da ita bai kai silin gashi ba. Ya dinga gwada su a hudar ɗaya bayan ɗaya har ya sami wadda ta shiga daidai, ya duba takardar kamfanin da ya yi bututun, ya ce huda ba ta da laifi. Ya tambayi irin harsashin da ake sa mata, ya tambayi inda kwanso yake faɗuwa in an harba, gaba ko baya, kusa ko nesa. Daga ƙarshe ya gano ƙarfen da ke zaune a kan hudar ne ya ɗan karkace ya toshe rabinta. Ya daidaita shi, ya gwada ta a ɗakin gwaji da ke bayan shagon, ya miƙo takardar kuɗi da bayanin abin da ya yi a rubuce. Kuɗin aikin awa guda yana manne a bango tun kafin mu shiga, babu ciniki, babu "kawo abin da ya sawwaƙa".

Kawu, wannan akwatin katakon ya tsaya mini a rai. Na san hannunku, na san kuna duban jan ƙarfe a wuta ku faɗi ko ya isa duka, abin da mutumin nan ba lallai ya iya ba. Da ma'auni ya fi mu, da kuma yarjejeniyar da ke bayan ma'aunin. Tun 1926 masu ƙera bindiga da harsashi a Amurka suka kafa ƙungiyar da ake kira SAAMI, wadda ke tsayar da girman kowane irin harsashi da iyakar ƙarfin da zai yi a cikin bututu. Shi ya sa harsashin wannan kamfani yake shiga bindigar wancan ba tare da fargaba ba. Sana'ar ma a makaranta ake koyon ta. A garin Trinidad na jihar Colorado akwai kwalejin da ke koyar da gyaran bindiga tun 1947. Mu kuwa harba-ka-ruga ta mafarauta da ta hawan Sallah da ido ake auna albarushinta, bututun kuma wanda aka samu ne, ba wanda ya san iyakar abin da zai ɗauka. Ku da kanku kun san mutanen da ta fashe a hannunsu suka rasa yatsu ko ido. Rashin ma'aunin nan shi ne dai yake sa a kawo muku ƙarfen injin niƙa ko na famfon ban ruwa, ku ƙera shi da kyau, a kai a ɗaura ya ƙi zama sai an dawo an goge.

Sai maganar takarda. Mai gyaran nan yana da lasisin gwamnatin tarayya, duk bindigar da za ta kwana a shagonsa sai ya shigar da lambarta da sunan mai ita a littafi. Mai saye a kanti sai ya cika takarda mai lamba 4473, a tura sunansa ga FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, a duba ko yana da laifin da ya hana shi riƙe makami. Wannan binciken tun 1998 ake yin sa, kuma sau da yawa cikin 'yan mintuna ake gamawa. Shekara 18 ake sayar wa mutum doguwar bindiga a kanti, ƙarama sai ya kai 21. Akwai ma harajin kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsashi, wanda dokar 1937 ta ware don kula da dazuzzuka da namun daji. A gida dokar makamai ta 1959 ta raba izini hawa uku: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai Sufeto Janar na 'yan sanda, ta gargajiya mai ɗuri ta baki kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera makaman zamani aikin masana'antar DICON ce ta Kaduna da aka kafa a 1964. Maƙerin da ya shiga wannan hurumi ya ɗauko wa kansa gidan yari, kuma a halin da Arewa take ciki ban ga laifin dokar ba.

Kada ku ɗauka ina sha'awar kasuwar nan. Takardar da na faɗa muku a kantin dila take aiki. A Texas mutum zai iya sayar wa ɗan jiharsu tasa hannu da hannu ba tare da binciken ba, kuma tun Satumbar 2021 wanda ya kai shekara 21 yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. A shekarar 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Ranar 24 ga Mayun 2022, a garin Uvalde na wannan jihar, wani saurayi ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare da irin bindigar da nake ba ku labari, wadda ya saya a kanti bisa doka, ya kashe yara 19 da malamai 2. 'Ya'yana a makaranta ana koya musu yadda za su kashe fitila su ɓuya a lungun aji su yi shiru. Wata guda bayan Uvalde na ji gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Na san baƙin cikin da ya kai mutane ga wannan magana, danginmu ma an kwashe musu shanu, an sa su biyan kuɗin fansa. Amma ina zaune a inda kusan kowa zai iya samun bindiga mai kyau, mai garanti, mai wurin gyara, kuma iyaye a nan ma da fargaba suke sallamar yara da safe.

Game da saƙon da ɗan maƙwabcinku mafarauci ya ba ku, na a sayo masa madubin hange da kayan gyaran bindiga, ku ba shi haƙuri. Fitar da irin waɗannan kaya daga Amurka sai da izinin gwamnati, shigar da su Nijeriya ma haka, kuma ba zan sa wanda zai riƙo kayan cikin masifa a filin jirgi ba. Abin da na haɗa muku shi ne ma'aunin kaurin ƙarfe guda biyu, ɗaya mai nuna lamba da batir, ɗaya na hannu wanda ba ruwansa da batir, da jerin bakin huda ƙarfe na milimita, tunda injinan niƙa da famfunan da ake kawo muku yawancinsu da milimita aka yi su, ba da inci irin na nan ba. Na sa tabarau na kare ido da safar hannu ta fata saboda yaran da ke walda. Wani ɗan garinmu da zai zo gida kafin azumi zai kawo su. Ku sa Ƙanina ya kira ni ta bidiyo in sun iso, in nuna masa yadda ake karanta ma'aunin na hannu, don layukansa suna da ɗan rikitarwa a farko. A gaida Sarkin Maƙera, a gaida su Inna da yara.